Kama iskar CO2 daga hayaƙin masana'antu: a ina aikin yake ɓaci?

Malam Habu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ga abin da ke ɗaure mini kai game da kama iskar kabon dayoksaid, wato CO2. Wanke gas da ruwan amin, wato sinadarin da ke tsotse CO2 daga cikin gas, tsohuwar fasaha ce, tun 1930 R. R. Bottoms ya yi mata rajista a Amurka, kuma matatun gas suna aiki da ita dare da rana lami lafiya. To me ya sa da zarar an jona ta da bututun hayaƙin tashar lantarki ko masana'antar siminti sai tsada da matsaloli su taso? Abin da duniya ke iya kamawa a shekara yana wajen tan miliyan 50, alhali abin da ake fitarwa ya kai tan biliyan 37. Masana, ku warware mana.

Injiniya Sa'adatu:
Wa alaikumus salam, Malam. Fasahar ɗaya ce, gas ɗin da ake ba ta ne ya sha bamban. Gas ɗin rijiya yana zuwa da matsi mai ƙarfi, a ce bar 70 (bar ma'aunin matsi ne), kuma babu oksijin a cikinsa. Idan CO2 ɗinsa kashi 9 cikin 100 ne, kamar na filin gas na Sleipner da ke yankin Norwe na Tekun Arewa, ninka 0.09 da 70, ka sami bar 6 da ɗoriya. Wannan ne ƙarfin da ke tura CO2 ya shige cikin ruwan wankin. Hayaƙin bututu kuwa matsinsa bai wuce na sararin da muke ciki ba, bar 1. A tashar kwal CO2 kashi 12 zuwa 15 ne, a tashar da ke ƙona gas a injin tabayin kashi 3 zuwa 4, a siminti yakan kai 20 ko fiye. Ƙarfin turawar ya koma bar 0.13 ko 0.04 ke nan.

Ga abin da hakan ke jawowa a ƙasa. A ce kana son kama tan 100 a awa, kana cire kashi 90 na abin da ke cikin hayaƙin. Idan hayaƙin mai kashi 13 ne, za ka ratsa da kusan kubik mita 500,000 a awa ta cikin hasumiya. Gas ba ya wuce gudun mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa a ciki, in ya wuce sai ya riƙe ruwan ya hana shi sauka. Faɗin hasumiyar zai kai mita 8 da rabi. Idan mai kashi 4 ne, hayaƙin ya haura kubik mita miliyan 1.6 a awa, faɗin ya doshi mita 15. Tan 100 ɗin dai nan ne, amma dubi ƙarfen da za ka saya.

Nura:
Anti Sa'adatu, don Allah a bi mana matakan ɗaya bayan ɗaya, daga bututu har fitar CO2.

Injiniya Sa'adatu:
To, Nura. Ba a kai hayaƙi wurin amin kai tsaye. Da farko yana shiga hasumiyar sanyaya, inda ake fesa masa ruwa ya sauko zuwa digiri 40. A nan ake zuba kostik soda kaɗan a ruwan don ya kwashe ragowar SO2, iskar farar wuta, har ta koma ƙasa da kashi 10 cikin miliyan. Sai babbar fanka ta tura shi ƙasan hasumiyar tsotsa.

Cikin hasumiyar tsotsa an jera farantan ƙarfe masu lanƙwasa, tsayin mita 15 zuwa 25, don ruwa ya bazu a kansu siriri. Ruwan amin yana sauka daga sama, hayaƙi yana hawa daga ƙasa. Amin ɗin da aka fi sani shi ne MEA, kashi 30 cikin 100 a ruwa. Haɗuwarsa da CO2 tana fitar da zafi, shi ya sa za ka ga wani sashe na hasumiyar ya kai digiri 70, kuma idan zafin ya yi yawa tsotsar ta ragu. Saboda haka a manyan na'urori akan janye ruwan daga tsakiya a sanyaya shi a mayar. A can ƙoli akwai sashen wanki da ruwa zalla, wanda ke tare amin ɗin da ke son bin hayaƙi ya fita.

Ruwan da ya ɗauki kaya yana taruwa a ƙasa, famfo ya tura shi ta na'urar musayar zafi, ya karɓi zafin ruwan da ke dawowa, sannan ya shiga saman hasumiya ta biyu, ta saki. A gindinta akwai tukunyar da tururi ke dafawa zuwa digiri 120, a matsin bar 1.5 zuwa 2. Zafin yana warware haɗin, CO2 ya tashi tare da tururin ruwa, a sanyaya su a sama, ruwan ya koma, CO2 ya wuce da tsabtar da ta haura kashi 99 idan an cire danshi. Ruwan da ya sauke kaya ya koma hasumiya ta farko.

Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: kilo 1 na wannan ruwa yana da mol 4.9 na MEA (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne). Yana shiga hasumiyar tsotsa da kaya kamar mol 0.22 na CO2 a kan kowane mol na MEA, ya fito da kamar 0.47. Bambancin 0.25 ne, wato giram 54 na CO2 a kowane kilo. Don haka kowane tan na CO2 sai ka zagaya da ruwa tan 18 zuwa 19. Tan 100 a awa na nufin famfunanka suna juya ruwa sama da tan 1,800 a awa, kuma duk sai an ɗumama shi an sake sanyaya shi.

Injiniya Ɗanlami:
Hajiya ta kawo mu inda gizo ke saƙa, wato tukunyar nan. MEA na cin zafi gigajul 3.6 zuwa 4 a kowane tan na CO2 (gigajul ma'aunin makamashi ne). A yaren masu tukunyar tururi, tan 1.7 na tururi mai matsin bar 3 zuwa 4 ke nan. Zafin nan kashi uku yake tafiya. Kusan gigajul 1.9 na warware haɗin amin da CO2 ne, wannan ba ka da yadda za ka yi da shi sai dai ka sauya amin. Na biyu shi ne ɗumama ruwan, wanda ya danganta da kyan na'urar musayar zafinka: idan tazarar zafi tsakanin ruwan biyu digiri 5 ce ka tsira da yawa, idan datti ya toshe ta tazarar ta koma 15, tukunya ce za ta biya. Na uku shi ne tururin da ke fita tare da CO2 ta sama.

Akwai kuskuren da masu gudanarwa kan yi. Suna ganin idan suka dafa ruwan sosai har kayansa ya sauka zuwa 0.12, za su rage yawan ruwan da ke zagayawa. Gaskiya ne yana raguwa, amma tururin da ake buƙata don fizge wannan ragowar yana tashi da sauri ƙwarai. Idan kuma aka bar kayan a 0.30, ruwan da za a juya ya yi yawa. Akwai tsaka-tsakin da cin zafi ya fi ƙanƙanta, kuma a kowace na'ura sai an gwada an gano shi.

A tashar kwal, daga tsakanin tabayin mai matsakaicin matsi da mai ƙaramin matsi ake zarar tururin. In ka haɗa da wutar fanka da famfuna da kwamfuresa, tashar na rasa kashi 20 zuwa 25 na lantarkin da take sayarwa.

Malam Habu:
Injiniya, ai ana ta maganar sababbin ruwan wanki da suka rage wannan.

Dakta Bilkisu:
Sun rage, Malam, amma kowanne da nasa halin. MEA yana da saurin kamu, sai dai mol biyu nasa ne ke riƙe mol ɗaya na CO2, shi ya sa kayansa ke tsayawa a wajen 0.5. MDEA, wani nau'in amin, yana ɗaukar fiye da haka kuma yana saki da sauƙi, amma yana da nawa, ba ya iya aiki a hayaƙi mara matsi sai an haɗa masa fiferazin, wani amin mai saurin kamu. Haɗin amin ɗin AMP da fiferazin, da ruwan kamfanoni irin KS-1 na Mitsubishi da Cansolv na Shell, suna saukowa zuwa gigajul 2.5 zuwa 3. Amma fiferazin yana daskarewa ya toshe bututu idan ruwan ya yi sanyi ko kayansa ya yi ƙasa da yawa, dole a kula da wannan duk lokacin da aka kashe na'ura.

Ni abin da na fi so a tsaya a kai shi ne lalacewar ruwan, domin a nan yawancin ayyuka ke tuntuɓe, kuma shi ne matatun gas ba su sani ba sosai. Hayaƙi yana ɗauke da oksijin, kashi 4 zuwa 6 a kwal, 12 zuwa 14 a tabayin. Oksijin yana farfasa amin ya haifar da amoniya da asid iri-iri. Waɗannan asid, tare da SO2 da NO2 (iskar naitirojin dayoksaid) da suka kuɓuce, suna kama amin su zama gishirin da zafin tukunya ba ya warwarewa. Duk amin ɗin da ya shiga wannan gishiri ya tashi daga aiki. Gishirin kuma yana cin ƙarfe, ƙarfen da ya narke a ruwan yana ƙara saurin farfasawar, farfasawar ta ƙara gishiri. Da'ira ce mai ciyar da kanta. Shi ya sa na'ura kan yi wata da watanni lafiya, sai a wayi gari ruwan ya yi baƙi, amoniya ta tashi a bututu, lalacewar ta riƙa ninkuwa.

Maganinsa sa ido ne. A riƙa ɗibar samfuri a kai a kai ana auna ƙarfin amin, da yawan gishirin, da narkakken ƙarfe. Kada a bar gishirin ya wuce kashi 1 zuwa 2. A ware ɗan kaso na ruwan ana ratsa shi ta gawayin tacewa da matacin ƙura. A kunna na'urar farfaɗo da amin tun kafin ruwan ya ɓaci: ana zuba soda ta saki amin daga gishirin, a dafa shi ya tashi, dattin ya zauna a ƙasa. Wannan dattin shara ce mai haɗari, sai an tanadi inda za a kai ta tun a zane. Kada kuma zafin tukunya ya wuce 120 zuwa 125 ga MEA, kuma a lura cewa zafin jikin bututun tururin ne ke ƙona amin, ko da ma'aunin ruwan yana nuna daidai. A kyakkyawan yanayi ma, MEA kilo 1 zuwa 2 na tafiya a kowane tan.

Nura:
Dakta, kumfa fa? Ina ganin ana yawan ambatonta.

Dakta Bilkisu:
Kumfa alama ce ta datti: toka, tsatsa, mai, ko kayan farfasawa. Za ka gan ta a ma'aunin bambancin matsi tsakanin ƙasa da saman hasumiya, ya riƙa tsalle, kamun CO2 ya faɗi. Maganin kumfa na ɗan lokaci ne, in an yawaita shi ma yana toshe gawayin tacewa. A nemo tushen.

Akwai wanda ya fi kumfa wuyar ganewa. Idan hayaƙin yana da SO3, wata iskar farar wuta, yana zama hazo mai ƙananan ɗigo, ƙasa da maikiron ɗaya, wato ɗaya cikin dubu na milimita. Ɗigon suna shan amin a cikin hasumiya su wuce sashen wanki kamar babu shi, fitar amin ta bututu ta ninka sau da yawa. Ƙara ruwan wanki ba ya magance wannan. Sai dai a tare hazon tun kafin ya shiga, da matacin lantarki mai jiƙa, ko a sa matacin zare na musamman a mafita. NO2 kuma idan ya haɗu da amin irin fiferazin yana haifar da naitirosamin, wanda ake dangantawa da cutar kansa, don haka auna abin da ke fita ta bututu wajibi ne.

Alhaji Musbahu:
Duk wannan bayani yana ƙarfafa ra'ayina ne. Tashar lantarki ba wurin fara wannan aiki ba ce. Ku dubi Boundary Dam a Kanada, da aka buɗe a 2014 don kama kusan tan miliyan 1 a shekara. Shekara da shekaru bai kai adadin ba, saboda toka tana kutsawa, amin yana lalacewa da sauri fiye da zato, na'urorin musayar zafi suna toshewa. Petra Nova a Tekzas ta fara a ƙarshen 2016, aka rufe ta a 2020 da farashin ɗanyen mai ya faɗi, domin rijiyoyin mai take sayar wa CO2 ɗin, sai 2023 aka sake kunna ta. Kemper a Misisipi ta cinye sama da dala biliyan 7, aka watsar da sashen mayar da kwal gas da kama CO2 a 2017. Alhali ga wuraren da CO2 ke fitowa kusan zalla ana sakinsa a iska.

Injiniya Sa'adatu:
Alhaji, ina tare da kai a kan inda ya kamata a fara, amma kada a haɗa su a kwando ɗaya. Matsalar Kemper ta na'urar mayar da kwal gas ce, ba ta kai ga gwada kamun yadda ya kamata ba. Petra Nova kuwa, lokacin da take aiki tana cire kusan kashi 90 daga hayaƙin da aka ba ta. Kasuwa ce ta tsayar da ita. Boundary Dam shi ne darasin gaske, kuma abin da ya koyar shi ne a tsabtace hayaƙi sosai kafin ya taɓa amin, a kuma sa na'urori biyu-biyu a wuraren da ke toshewa, domin a wanke ɗaya ɗaya tana aiki.

Injiniya Ɗanlami:
Petra Nova tana da wani darasin da ba a cika faɗa ba. An gina mata ƙaramar tashar gas ta daban don ta ba ta tururi da wuta, kuma hayaƙin wannan tashar ba a kama shi. Ke nan abin da aka kama daban, abin da aka hana shiga sararin sama daban. Duk wanda ya kawo muku adadi, ku tambaye shi wanne yake nufi. Idan tukunyar gas ce ke ba ka gigajul 3.7, ƙona gas ɗin kansa na fitar da sama da kilo 200 na CO2 a kan kowane tan da ka kama.

Siminti ne inda nake ganin babu makawa. Kusan kashi 60 na CO2 ɗinsa daga dutsen yake fitowa, domin kowane tan na dutsen farar ƙasa da aka gasa yana sakin kilo 440. Ko da hasken rana ka gasa shi, wannan zai fito. Masana'antar Brevik a Norwe, da aka buɗe sashen kamunta a 2025, an zana ta ne a kan tan 400,000 a shekara, kusan rabin abin da take fitarwa. Sun tsaya a rabi ne saboda iya abin da zafin da ke salwanta daga murhun zai iya dafawa ke nan. A ganina wannan ne zane mai hankali: ka fara auna zafin da kake da shi, shi zai gaya maka girman na'urar.

Malam Habu:
To sauran hanyoyin da ba na amin ba fa, Injiniya? Ko duk suna kan takarda ne?

Injiniya Ɗanlami:
Wasu sun daɗe a aiki, amma a inda matsi yake. Idan gas yana da CO2 kashi 40 a bar 30, ba ka buƙatar amin. Ruwa irin Selexol, ko metanol mai sanyin digiri 40 ƙasa da sifili a tsarin Rectisol, suna narkar da CO2 ne kawai, in ka sauke matsi ya fito da kansa, kamar yadda lemon kwalba ke sakin gas idan an buɗe murfi. Masana'antar Great Plains a Dakota ta Arewa da Rectisol take aiki, kuma tun 2000 ta fara tura CO2 ta bututu mai tsawon kusan kilomita 320 zuwa Weyburn a Kanada. Tantanin tacewa ma haka: a rijiyoyin teku na Birazil da shi ake raba CO2 daga gas saboda ba shi da nauyi kuma matsin yana nan. A hayaƙi mara matsi sai ka matse hayaƙin duka ko ka zuƙe ta bayan tantanin, kuma zagaye ɗaya ba ya ba ka tsabta da yawan kamu a lokaci guda.

Ƙonawa da oksijin zalla dabara ce mai kyau. Ka cire naitirojin tun kafin wuta, hayaƙin ya zama CO2 da tururin ruwa. Ana mayar da wani kaso na hayaƙin cikin murhu don wutar kada ta yi zafin da zai narkar da bulo. An gwada a Schwarze Pumpe a Jamus daga 2008, da Callide a Ostareliya. Tsadarsa tana wurin raba oksijin daga iska, kusan kilowat-awa 200 a kowane tan na oksijin. Babban abokin gabarsa kuma iskar da ke kutsawa ta ramuka da mahaɗai. Murhun siminti juyawa yake, bakinsa biyu ba sa rufuwa ruf, kuma cikinsa matsin ya gaza na waje, don haka iska tana shiga. Kaɗan ta shiga, tsabtar CO2 ta faɗi, aikin tacewa na gaba ya ƙaru.

Sai zagayen farar ƙasa. Gasasshiyar farar ƙasa tana kama CO2 a digiri 650, a kai ta wani murhu a gasa a 900 zuwa 950 ta saki. An gwada a La Pereda ta Sifaniya. Illarsa ita ce ƙwayoyin suna toshe ƙofofinsu da kansu saboda zafi, bayan zagaye da yawa ƙarfin kamunsu ya koma wajen kashi 10 na asali, SO2 kuma yana kashe su gaba ɗaya. Ga masana'antar siminti wannan da sauƙi, domin wadda ta gaji sai a zuba ta cikin kayan haɗin siminti.

Alhaji Musbahu:
Bari in koma kan wuraren da na ce, domin a can ne ake ƙwato CO2 a sayar. A masana'antar itanol, giram 180 na sukari yana ba da giram 92 na itanol da giram 88 na CO2, kusan kai da kai, kuma gas ɗin ya kai kashi 99. A masana'antar amoniya ma dole ne a cire CO2 kafin aiki ya ci gaba, don haka an riga an biya kuɗin rabawar.

Tsarin gajere ne amma ba ya son ganganci. Ba a karɓar gas ɗin farkon tsimuwa, domin iskar da ke cikin tanki tana gauraye da shi, sai oksijin ya sauka. Daga nan tarkon kumfa, sai hasumiyar wanki da ruwa don cire itanol, sai kwamfuresa mara mai, mataki biyu, zuwa bar 17 zuwa 20. Sai gawayin tacewa ya kwashe wari da sinadaran farar wuta, sai na'urar busarwa mai tulu biyu, ɗaya na aiki ɗaya na farfaɗowa. Sannan a sanyaya zuwa digiri 20 zuwa 25 ƙasa da sifili ya zama ruwa, a ratsa shi ta ƙaramar hasumiya ta kori oksijin da naitirojin.

Na abin sha yana son tsabtar kashi 99.9, amma abin da ke sa a dawo da kaya ba ya cikin wannan adadi. Ƙananan abubuwa ne: benzin kada ya wuce kashi 20 cikin biliyan, asitaldehaid 0.2 cikin miliyan, danshi 20 cikin miliyan. Idan gawayi ya ƙoshi ba a sauya ba, wari zai wuce. Idan na'urar busarwa ta gaza, ƙanƙara ta toshe bututun sanyaya. Kuma kada a taɓa barin matsin tankin ajiya ya sauka ƙasa da bar 5.2, domin ruwan zai daskare ya zama busasshiyar ƙanƙara, sanyin ya kai inda ƙarfen tankin zai iya tsagewa.

Dakta Bilkisu:
Alhaji, sana'a ce mai kyau, amma a bambanta ta da rage hayaƙi. CO2 ɗin da ke cikin lemo yana komawa iska ranar da aka sha. Takin yuriya yana cin kilo 730 a kowane tan, kuma yana sakinsa bayan an zuba a gona. Metanol yana ɗaukar tan 1.4 na CO2 a kowane tan, amma yana son haidirojin kilo 190, wanda samar da shi daga ruwa zai ci kusan megawat-awa 10 na lantarki. Kasuwar abin sha kuma ƙarama ce, manyan masana'antun siminti kaɗan za su cika ta. Mai yawa dai sai ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ake binne CO2 a Sleipner tun 1996.

Alhaji Musbahu:
Ban musa ba, Dakta. Amma duk tan da aka ƙwato daga itanol ya maye gurbin wanda wasu ke ƙona mai musamman don su samar. Kuma tsabtataccen gas ɗin nan shi ne mafi arahar turawa ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ake yi a Decatur ta jihar Ilinoi.

Malam Tanko:
Ku ba ni dama in ɗora daga inda CO2 ya bar hasumiya, domin mutane na ɗauka an gama a nan. Tan ɗaya a sarari yana cin wuri kusan kubik mita 550. Sai an matse shi ya wuce bar 74, inda yake yin kauri kamar ruwa, bututu kuma yawanci ana riƙe shi a bar 100 zuwa 150 don kada ya rabu gida biyu, ruwa da gas, a hanya. Kwamfuresa mataki 6 zuwa 8 ne, da sanyaya tsakanin kowane mataki, yana cin kilowat-awa 90 zuwa 120 a tan. A tsakiyar matakan, wajen bar 30 zuwa 50, ake busar da shi da gilaikol ko ƙwayoyin tsotse danshi. Busasshen CO2 ba ya taɓa baƙin ƙarfe. Da ruwa ya kwanta a bututu, ya zama asid, yana iya cin milimita da yawa a shekara. Rijiyar ajiya kuma sai ta wuce zurfin mita 800 don ya zauna da kaurinsa, kuma dutsen ma yana da nasa hali: a Gorgon ta Ostareliya, rijiyoyin da ke zare ruwa don rage matsi sun riƙa toshewa da yashi, aikin ya kasa kai adadin da aka zana.

Maganar rai kuma. CO2 ba shi da launi, ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, yana kwanciya a rami da kwari. Iyakar wurin aiki kashi 0.5 ne na awa 8, kashi 4 kuwa haɗari ne nan take. A saka na'urar gano shi kusa da ƙasa, kuma ta CO2 ce takanas, domin na'urar auna oksijin ba za ta yi ƙara ba sai bayan CO2 ya kai matakin illa. A Fabrairun 2020 bututu ya fashe kusa da Satartia a Misisipi bayan ruwan sama ya zaftare ƙasa. An kwashe mutum kusan 200, 45 suka je asibiti, motoci suka riƙa mutuwa a hanya saboda injin bai samun oksijin. Abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a 1986, inda CO2 ya taso daga tafkin, sama da mutum 1,700 suka rasu, ya nuna yadda wannan gas ke bin gangare.

Nura:
Malam Tanko, nawa ne iyakar danshin da ake yarda da shi? Na ga adadi daban-daban.

Malam Tanko:
Sun bambanta ne saboda gas ɗin ya bambanta. Tsofaffin bututun Amurka suna karɓar har wajen kashi 600 cikin miliyan, domin yawancin CO2 ɗinsu daga rijiyoyin ƙasa yake, babu oksijin babu NO2. Northern Lights, wurin ajiyar CO2 a Norwe, da ke karɓar na masana'antu ta jirgin ruwa, ta tsaya a 30. Dalili shi ne idan aka haɗa gas daga wurare daban-daban a bututu ɗaya, wani ya zo da H2S (iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai), wani da oksijin da NO2 da SO2, suna haɗuwa su haifar da asid ɗin farar wuta da na naitirik. Waɗannan suna kwanciya a jikin ƙarfe ko da danshin bai kai inda ruwa zalla zai fito ba. Kowace masana'anta za ta iya cika ƙa'idarta ita kaɗai, haɗuwar ce ke ɓata bututun. Ragowar gilaikol ko amin da suka biyo gas ɗin ma suna janyo ruwa ya kwanta da wuri. Don haka ana auna kowane mai turawa a bakin shigarsa, da bawul ɗin da zai rufe da kansa idan ya wuce iyaka, sannan a sake aunawa bayan mahaɗa.